Gadon Bayan Inna da Dillalin Alƙahira

Wanda ya tarbe mu a filin jirgin Alƙahira ɗan gida ne, kuma ta nan aka fara cin mu. Da Balarabe ne ya zo, da na rungume jakata na buɗe ido. To sai ga saurayi fes, da farar riga irin ta likitoci a ninke a hannu, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Inna da C'lela, yarenmu. Ya ce shi ɗan Danko ne, can ƙasarmu ta Zuru, sunansa Nafi'u, amma a nan Dakta ake ce masa. Inna ta dafa kansa tana sa albarka. Kafin mu kai bakin mota ya karɓi fasfo ɗinmu, wai a ƙasar nan ba a yawo da su, ya zura a aljihu. Ni Talatu, malamar firamare mai hana yara bin wanda ba su sani ba, na miƙa masa da hannu biyu, har da godiya.

Abin da ya kawo mu gadon bayan Inna ne. Mahaifiyata ta haura sittin da biyar, kuma ta fi shekara goma tana fama da ciwon suga. Doguwar mace ce da ta noma dawa da gyaɗa a Dabai, kusa da Zuru, tun ina goye, ba ta san zama ba. A 'yan shekarun nan sai ta fara ranƙwafawa. Zanen da a da yake tsaya mata a idon sawu ya koma jan ƙasa. Da can ni ke ɗaga kai in dube ta, sai ga ni ina ganin tsakiyar kanta. Bayan ya matsa mata da ciwo, kowa a Zuru ya ce sanyi ne. An jiƙa saiwa, an shafa man kaɗanya, an sha haɗin mai kemis, irin ƙwayoyin nan kala-kala da ake ƙulla wa mutum a leda ba suna. Yayana soja ne, ɗan fari, don haka Inna ba ta kama sunansa, Soja take ce masa. Shi ya ce a fita da ita waje, wani abokin aikinsa ya haɗa shi da Nafi'u. Yayan nawa bai sami hutu ba, aka ce ni in raka ta. Burinmu ɗaya ne, kada Inna ta kwanta. Da sanda ta sauko daga jirgi, amma da ƙafarta ta sauko.

Masaukin da aka ce mana kusa yake da asibiti, mun fi awa guda a mota kafin mu kai. Bene ne hawa na huɗu, lif ɗinsa ya mutu tun ba yau ba, har an jibge tsofaffin kujeru a bakinsa. Na dubi matakalar, na dubi Inna, na dubi Nafi'u.

Ya ce, "Ba matsala, Anti. Motsa jiki ne, yana da kyau ga Mama."

Inna ta hau. Hawa ɗaya, hutu, hawa ɗaya, hutu, tana riƙe da ni tana nishi, ba ta ce uffan ba don kada ta ba ɗan mutane kunya. Da aka buɗe ƙofa wari ne ya fara yi mana maraba. Ɗaki uku, marasa lafiya da 'yan jinya mun kai goma sha biyu, duk 'yan ƙasarmu, duk kayan Nafi'u. Mai ciwon ƙoda, mai ƙari a wuya, wani dattijo da ƙafarsa ke ruwa, kowa da katifarsa a ƙasa. Banɗaki ɗaya, ƙofarsa ba sakata, ƙasansa santsi kamar an zuba kuɓewa. An bar auduga mai jini a kwandon shara har ƙuda sun gaji da ita. Na ga yadda ake tara awaki a kasuwar Zuru, kuma wallahi dillalan awaki sun fi kula, don su suna tsoron dabba ta rame kafin a saya.

Liyafar da ya yi mana ita ce shayi mai kauri da sukari, da wani gashin alkama da ke ɗigar zuma. Na ce masa ai Inna mai suga ce. Ya ce, "Au, haka ne fa," ya ja farantin gabansa ya cinye. A nan ya kamata in gane wane irin dakta ne. Daga baya na ji labari cewa karatun haɗa magunguna ya zo yi, ya watsar tun shekara ta biyu, ya koma kai marasa lafiya asibitocin kuɗi ana ba shi la'ada a kan kowane kai.

Washegari bai zo ba. Muka wuni muna jira. Zaman jirgi da hawan bene suka taru a bayan Inna, ta rasa inda za ta sa kanta. Bayan la'asar ta shimfiɗa zane a kan tayil, ta kwanta rub da ciki.

"Talatu, taho ki taka min bayan ga. Gajiya ta, ba wani abu ba."

Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san wannan. Tsoho ya dawo gona, ya kwanta, ɗansa ya dafa bango ya hau bayansa yana takawa a hankali, daga kwankwaso zuwa kafaɗa. In an ji ƙas, sai a ce madalla, gajiya ta fita. Ladabi ne, neman albarka ne, wanda ya ƙi ma sai a ce ba ya jin ƙan iyayensa. Na sha yi mata, sai dai tun da ta ranƙwafa da hannu nake dannawa. Ran nan ta ce hannu ba ya kaiwa inda ciwon yake. Na dafa bango, na ɗora dunduniya a tsakiyar bayanta, na saki nauyina kaɗan.

Na ji ƙas. Na ce, "Yauwa, ta fita."

Inna ba ta ce yauwa ba. Ta damƙe gefen zanen, ta ce in bar ta haka nan ta huta. Da aka kira magariba ta yunƙura za ta tashi alwala, ta kasa. Na kama ta, ta yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta a bakinta ba, ko ranar da aka kawo mata labarin rasuwar Baba. A kwance ta yi sallar, da taimama. Ni kuwa na ce a raina benen nan ne, Allah ya isa tsakaninmu da Nafi'u.

Haka na gaya wa Yaya a waya. Ya yi ta faɗa daga can, yana cewa duk wanda ya jawo wa Inna wannan sai ya gane kurensa. Amma da na ce ban yarda da yaron nan ba, sai ya juya.

"Ke dai ba ki raina abin faɗa. Shi ya san gari, ke me kika sani? Ki bi abin da ya ce."

Nafi'u ya bayyana a kwana na uku yana ƙamshin turare. Da ya ga Inna a kwance, ban ga tausayi a fuskarsa ba, wani haske na gani, irin na mai shago in ya hango mai saye. Ya sa mai gadi da wani mutum suka ɗora ta a kujerar roba, suka sauko da ita hawa huɗu tana cije leɓe. Asibitin da ya kai mu kuwa sai ka ce otal, ko'ina gilashi da furanni. Aka yi mata hotuna. Da aka zo ganin likita, Nafi'u ya tare ƙofa, wai mutum ɗaya ake bari, kuma ni ba na jin Larabci. Gaskiya ne, Larabcin Islamiyyata bai saya mini ko ruwa ba a garin nan, in na yi sai su yi murmushi kamar na karanto musu wa'azi. Amma ina jin Turanci, likitan ma yana ji. Ta gilashi na hango su suna dariya, likitan bai ko ɗaga rigar Inna ba.

Nafi'u ya fito ya ce, "Alhamdu lillahi, abu ya zo da sauƙi. Tiyata za a yi ranar Alhamis. Ƙarfe biyu da ƙusoshi takwas, za a miƙar da bayan tsaf. Sati biyu Mama na gudu."

Na ce, "Sugan fa? Ko an gwada?"

"Anti, ki bar wa masu abu abinsu."

Yaya ya ji ƙarfe da ƙusa, abin ya yi masa daidai da tunanin soja, ya ce a yi. Ni ma, kada in yi ƙarya, na so a yi, don na gaji da ganin uwata ana sa mata tasa a ƙarƙashi.

Akwai wata mata da ke zuwa gidan kullum da hantsi, ta dafa wa marasa lafiya abinci ta wanke banɗaki. Baƙa ce, siririya, ta kai hamsin, tana naɗe da lafaya. Na ɗauka 'yar Sudan ce kawai, ban taɓa ce mata komai ba sai sallama. Ranar Talata ina goge wa Inna jiki, sai na ji an ce a bayana, "Sannu, ɗiyata. Tsohuwa na jin jiki." Hausa ce tsohuwa, irin ta kakanni, da ɗan Larabci a ciki. Sunanta Batula. Kakanta ya baro ƙasar Sakkwato a ƙafa zai je Makka, guzuri ya ƙare a Sudan, suka zauna. Yaƙi ya koro ta Masar. Ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma ta tambaye ni ko har yanzu ana fura da gero. Na yi kuka a gabanta, kukan da na kwana huɗu ina haɗiyewa. Ina kewar Zuru har da abubuwan da nake tsaki a kansu, har da ƙarar injin niƙan maƙwabta.

Da na gaya mata batun Alhamis, ta leƙa ƙofa, ta dawo ta rage murya.

"Shekarar bara an kawo wata hajiya haka, mai sukari, bayanta ya lanƙwashe. An sa mata ƙusa. Wata guda ƙusa ta kwance, ciwon ya ƙi rufewa. Ni na riƙa wanke ta. A kwance aka mai da ita gida. Ke ɗauko hotunan, gobe in kai ki wurin wata."

Hotunan suna jakar Nafi'u, amma Allah ya taimake ni, da ya leƙo gidan ran nan sai ya bar jakar a falo ya fita amsa waya. Ban taɓa sata ba sai ran nan, kuma ban ji kunya ba, abin uwata na ɗauka.

Ranar Laraba ni da Batula muka shiga motar haya, muka sauka, muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa. Wata yarinya mai lulluɓi ta tashi ta ba ni wurin zama, wani kuma a titi ya dube mu ya faɗi wata magana yana dariya, Batula ta ce gara da ban ji ba. Asibitin tsoho ne, bangonsa ya yi dauɗa, mutane har kan matakala. Mun yi awa huɗu a layi. Likitar dattijuwa ce, gajeriya, tabarau a kan hanci, tana magana kamar mai faɗa. Turancinta da nawa suka haɗu a tsakiya. Ta maƙala hoton a jikin fitila, ta daɗe tana kallo.

Ta tambayi shekarun Inna, da yaushe ta daina al'ada. Na ce ban sani ba, a wajenmu ɗiya ba ta tambayar uwarta wannan. Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce to ga abin da kunyar ta haifar. Ta yi mini bayani dalla-dalla. Mace in ta daina al'ada, sinadarin da ke tsare mata ƙashi yana ja da baya, ƙashin ya riƙa zaizayewa ta ciki ba tare da ta ji komai ba. In kuma akwai suga da ya daɗe, ƙashin yakan ƙara rauni, ko da a hoto ya yi kamar mai ƙwari. Suga yana kashe jin tafin ƙafa, yana rage gani, ga faɗuwa ta zo da sauƙi. Na nuna mata ledar haɗin mai kemis. Ta zazzage a tebur, ta ware wasu ƙananan farare da biro, ta ce waɗannan suna kwantar da ciwo yau, amma suna tayar da suga, suna cin ƙashi. Shekara nawa tana sha? Na ce uku. Ta yi wata magana da Larabci wadda Batula ta ƙi fassarawa.

Na kawo batun ƙusa. Ta ce katakon da gara ta cinye, in ka buga masa ƙusa, me zai riƙe? Ga suga bai daidaita ba, yankan ma ba lallai ya warke ba. Ta ce akwai masu buƙatar tiyata, amma a abin da take gani Inna ba ta cikinsu, tunda ƙafafunta na motsi kuma tana riƙe fitsari. Sannan ta sa biro a kan hoton.

"Nan, da nan, da nan, ƙashin baya uku sun lotse, sun daɗe. Su suka rage mata tsawo. Amma wannan na huɗun sabo ne, bai kai sati ba. Ta faɗi ne?"

Na ce a'a. Ta ce ta ɗaga abu mai nauyi? Na ce a'a, bene dai ta hau. Ta girgiza kai, ta ce zai iya yiwuwa, irin wannan ƙashi ko tari mai ƙarfi kan karya shi, amma yaushe ciwon ya tashi, a kan benen ko daga baya? Wani ya danna mata wurin?

Wurin da bironta yake, nan na sa dunduniyata. Na gaya mata. Na ma tashi na dafa bango na nuna mata yadda ake yi, kamar wata sakarya. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta dai ce, "Kada a ƙara. Ko da hannu."

A hanyar dawowa na tsaya bakin wani kwalbati na yi amai. Kwana biyar ina tsine wa Nafi'u, ina ƙyamar gidansa da warinsa da haɗamarsa, ashe ni ce na kwantar da uwata, har ina cewa yauwa. Garin neman gira na rasa ido. Batula ta ba ni ruwa na kuskure baki, ta ce, "Kuka na baya. Yanzu dai hana su yanka ta."

Da safen Alhamis Nafi'u ya zo da mota, kuma ya zo da sababbin baƙi, wani alhaji da matarsa da ya ɗauko daga filin jirgi. Na ce ba inda Inna za ta, ya ba ni fasfo ɗinmu. Ya yi murmushi, ya ce mu shiga ciki mu yi magana. Na ce a nan za a yi ta. Ina da murya, shekara da shekaru ina magana da aji mai yara tamanin. Na tambaye shi a gaban kowa wace makaranta ta ba shi dakta. Na tambaye shi ina hajiyar bara. Na ce ka durƙusa ka gaida tsohuwa da yaren uwarka, ta sa maka albarka, ka kai ta a yanka don la'ada, ko kura ba ta cin na gidansu haka. Alhajin ya fara laluben aljihunsa yana tambayar ina nasa fasfon. Nan da nan Nafi'u ya zaro namu ya jefa a kan katifa.

"Ku tattara ku bar mini gida yau. Kuma duk abin da ya sami tsohuwar nan, ke kika jawo."

Bai san iya gaskiyar da ya faɗa ba. Yaya ya kira yana huci, Nafi'u ya riga ya kai ƙarata. Na ce masa, "Yaya, in ka isa ka zo ka sa hannu da kanka. Ni ba zan sa ba." Ya kashe waya, ya yi kwana tara bai kira ni ba, sai dai ya kira Inna.

Batula ba ta bari an sake ɗora Inna a kujera ba. Ta sa aka ciro ƙyauren wani tsohon kabad, aka kwantar da ita a kai, maza huɗu 'yan Sudan suka sauko da ita a hankali kamar ƙwai, kuma suka ƙi karɓar ko shayi. Ɗakin Batula ɗaya ne, a ƙasa, a wani lungu da rana ke shiga da hantsi. Ta bar wa Inna gadonta, ni da ita muka raba tabarma. Motar asibiti ta kai Inna wurin dattijuwar likita, ta duba ta da hannunta, aka ɗebi jini. Ta sa aka riƙa rage haɗin mai kemis a hankali, don ta ce ba a yanke shi rana ɗaya. Ta canja ɗaya daga magungunan suga, wai shi ma ba ya ƙaunar ƙashi. Aka ba ta maganin ciwo, da ƙwayoyin gina ƙashi, da wata ɗamara mai tauri da ake ɗaura mata daga ƙirji zuwa ƙugu. Daga baya aka yi mata ƙarin ruwa na maganin ƙashi, wanda aka ce sai shekara ta zagayo a sake. Kuma likitar ta ce kwanciya ma cin ƙashi take yi, da zarar ciwo ya lafa a tashe ta.

Mako shida muka yi a lungun nan. Kullum da hantsi mu fito da Inna bakin ƙofa ta sha rana. Batula na dama mata madara ba sukari, ta dafa ƙananan kifi har ƙaya ta yi laushi, Inna na ci tana yamutsa fuska tana cewa mutanen ga ba su san daddawa ba. Ranar da ta fara zama, mun yi murna. Ranar da ta fara tsayuwa, riƙe da wani ƙarfe mai ƙafa huɗu da ake turawa gaba, ta yi rawar jiki ta koma. Na riƙa tashi da fargaba ina kwana da ita. Duk lokacin da ta cije leɓe sai in ji dunduniyata na yi mini zafi.

Wata rana ina ɗaura mata ɗamarar, na kasa daurewa. Na durƙusa na gaya mata abin da likita ta ce game da ƙashi na huɗu.

"Na sani. Tun sa'ad da nij ji ƙarar na san ba ta gajiya ba ta. Ni nic ce ki taka, mi ne laihinki?" Ta ƙara da cewa, "Ni ma na taka ma tawa uwar. Da ta tanƙware munka ce noma na, wasu sunka ce jifa na. Ta shekara biyu kwance kahin ta rasu. Ashe."

Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban tambaya ba. Ta dai ce kada in kuskura in gaya wa Soja, ba ta son 'ya'yanta su ɓata a kanta.

Ranar da za mu taho, Batula ta raka mu har filin jirgi. Na ba ta turamen atamfa biyu da na zo da su, ta ce ita dai in an sami mai zuwa a aiko mata da gero, tana son ta ɗanɗana abin da kakanta ya mutu yana ambato. A keken marasa lafiya aka shigar da Inna jirgi. Daga Abuja zuwa Zuru kuwa kwana biyu muka yi, muna tafe muna hutawa, don kowane rami a hanyar nan sai na ji shi a bayana.

Yaya ya sami hutu, yana ƙofar gida da mata cike da zaure. Ya buɗe mota zai sungumi Inna, na ce kada ya taɓa ta. Ya dube ni sama da ƙasa. Fushin mako shida na nan a idonsa.

"An tafi da ita da sanda, an dawo da ita da ƙarfe. Ki gaya mini, me likitan ya ce ya karya ta? Benen yaron nan ne? Don na san gidansu a Danko."

Inna ta riga ni. "Tsuhwa ta da suga, Soja. Babu wanda yay yi min komi."

Na so in bar shi haka. Amma na dubi matan da ke tsaye, rabinsu sa'o'in Inna, wasu har sun fara ranƙwafawa, kuma na san ƙafar da ke jiran kowacce in ta koma gida ta ce ta gaji. Na ce, "Ni ce, Yaya. Ta ce in taka mata baya, na taka. Ƙashinta ya riga ya zaizaye, ya lotse a ƙarƙashin ƙafata. Huɗu ne suka lotse, na huɗun nawa ne."

Na jira tsawa, na ma shirya wa mari. Sai na ga fuskarsa ta canja.

"Huɗu? Sauran ukun fa?"

Na ce, "Tsofaffi ne. Likita ta ce sun daɗe."

Ya dubi ƙafafunsa. Yaya ƙato ne, ya ninka ni nauyi. Ya ce, a hankali, kamar ba da mu yake ba, "Duk hutun da na zo sai na taka mata. Cewa take tawa ta fi kaiwa." Ya lalubi dakali ya zauna, ya cire hula ya riƙe a hannu. Ban taɓa ganin yayana haka ba, kuma ban ji daɗin ganin ba.

Muna nan, ni a tsaye shi a zaune, sai muka ji ƙarar ƙarfe a ƙasa. Inna ta zuro ƙafa ɗaya, ta zuro ta biyu, ta kama ƙarfenta ta miƙe iya miƙewar da ta rage mata. Wata ta kai hannu za ta riƙe ta, ta ce a'a. Ta tura ƙarfen, ta bi shi, ta sake turawa, ta sake bi, har ta iso inda muka tare ƙofa.

Ta ce, "In kun gama, ku matsa min in wuce. La'asar na wucewa, kuma tsaye nika son in yi ta."

Muka matsa.